Ihu Kafin Sanda

Ajiye sandar nan, Nura. Na ce ka ajiye ta, tun kafin ka fasa wa wani kai a bakin kanal ɗin nan. Ku dai yaran yanzu, da kun ga abu a waya shi ke nan kun iya. Wai ƙwallo ce a ajiye, ba ta gudu, babu mai tare ka, duka ɗaya sai rami. Har da kai Nura, wai abu ne simful. To, ku zauna. Ni Ilyasu da kuke ce wa Koci, a wasan golf ɗin nan na yi furfura. Na ɗauki jaka, na gyara bakin rami, na koyar da manya da ƙanana, amma har gobe in na ga sabon hannu ya ɗaga sanda sai tsoro ya kama ni. Ba lalacewar duka nake tsoro ba. Mutumin da ke tsaye inda ƙwallon za ta sauka nake ji wa tsoro.

Ungo ƙwallon, matsa ta ka ji. Ka ji ko? Ta fi ƙwallon goruba tauri. In ta bar bakin sanda, motar haya da ke sheƙa gudu a titin Zariya ba ta kama ƙafarta ba, kuma ita ba ta da birki, ba ta da hon. Hon ɗinta bakin wanda ya buga ta ne. Ku riƙe wannan, don duk abin da zan gaya muku a kansa yake.

Aikina na farko a filin golf na cikin birni ɗaukar jaka ne. Ina saurayi na bar ƙauyenmu nan bayan Bunkure, wani ƙanin babana da ke ban ruwa a filin ya kai ni wurin Oga Tanko, wanda ke koyarwa a lokacin. Ɗan guntun mutum ne mai faɗan tsiya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya rataya mini jaka mai sanduna goma sha huɗu, ya ce in biyo shi. Kafin mu zagaye ramuka goma sha takwas kafaɗata ta saɓule. A tafe yake faɗa mini sunayensu, kuma ba ya maimaitawa. Wannan mai ƙaton kai direba ce, ita ke kai ƙwallo nesa, kuma ita ce mai kisa. Masu kan ƙarfen nan ayon ne, kowacce da lambarta, ƙaramar lamba nisa, babbar lamba tashi sama. Wannan fota ce, ta gangara ƙwallo cikin rami. In ya ce ba ni bakwai ka miƙa masa tara, ranar sai ka gwammace kiɗa da karatu.

Sai gyaran bakin rami. Ba irin koriyar ciyawar da kuke gani a waya ba ce a can. Yashi ne ake cakuɗawa da baƙin mai a baje, duk wanda zai gangara ƙwallo sai ka ja masa buhu a kai ya kwanta sumul. Ni da abokina Habu muke wannan aiki, muna cin rogo da ƙuli a bayan bishiya, muna kwaikwayon dukan manya da reshen darbejiya. Habu ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Da Allah ya so, da shi ne Koci ba ni ba.

Wata rana yana durƙushe yana jan buhu, wani babban ma'aikaci ya buga daga can wani rami, ƙwallon ta kauce. A dokar wasan, in ƙwallonka ta nufi mutane dole ka ƙwala ihu ka ce “Fo!”, kowa ya ji sai ya duƙa ya rufe kansa da hannu. Mutumin nan bai yi ba. Ya gani sarai, amma ba ya so a waiwayo a san shi ne ya yi mugun duka. Ina tsaye kamar daga nan zuwa mai shayin can. Na ji ƙara kamar an jefi busasshen duma, na ga Habu ya kife a yashi, ƙafarsa tana shure-shure. A bayan kunne ta same shi. Bai mutu ba, amma bakinsa ya karkace, magana ta tafi, hannun damansa ya shanye. Aka mai da shi garinsu. Na yi kwanaki in na ji an buga ƙwallo sai na tsuguna, har ana mini dariya.

Tun daga ranar Oga Tanko ya sauya darasinsa na farko. Ko wane ne kai, ko da jiniya ka zo, ba za ka taɓa sanda ba sai ka tsaya tsakiyar fili ka yi ihu har mai gadi a bakin ƙofa ya ji ka. Wasu suka yi fushi suka tafi. Ya ce su gai da gida. Ni ma da ya fara koya mini, da ihun ya fara, sannan riƙo.

Riƙo shi ne tushe, kuma a nan yawanci ake faɗuwa. Na taɓa koyar da wani tsohon soja da ke shaƙe sanda kamar ya kama ɓarawo, jijiyoyin wuyansa duk a waje. Mai shaƙe sanda wuyan hannunsa ba ya sakewa, ƙwallon sai ta yi ta birgima a ƙasa. Na gaji da magana, na sayo nunannen tumatir na sa masa a tafin hannu tare da sandar, na ce ya kaɗa, in ya fashe shi zai wanke rigarsa. Ya fasa na farko, ya fasa na biyu, yana zagina cikin Turanci. Daga baya hannun ya yi laushi. Akwai kuma wani ma'aikacin banki da ya haddace littattafan wasan kaf, in ya tsaya kan ƙwallo sai ka ga laɓɓansa na motsi yana bitar ƙa'idoji, ga gwiwa, ga kafaɗa, ga haɓa, har jikin ya sandare. Shi hana shi tunani na yi. Na ce ya riƙa ba ni labarin 'ya'yansa yana bugawa. Wadda ta fi kowa saurin ɗauka a hannuna wata Hajiya ce likita, don ita ba ta zo nuna ƙarfi ba. Na ce mata sandar ce ke aiki, ke raka ta kawai za ki yi, ta ce to, ta raka ta. Yanzu akwai masu ɗaukar mutum a waya, a rage gudun hoton a nuna masa inda ya karkace. Ban raina ba, ni ma ina yi. Amma waya ba ta san abin da hannun mutum ya saba yi tun yana yaro ba.

Mutanenmu na nan su ne masu wuyar sha'ani, kuma ba laifinsu ba ne. Wanda ya tashi da fartanya, in ka ba shi sanda sara zai yi. Zai ɗaga ta sama ya sauko da ita daga waje da ƙarfin kafaɗa, kamar yana fasa kunya a gona. Bakin sandar sai ya yanki ƙwallon a kaikaice. Za ta tashi kamar abin arziki, can tsakiyar hanya ta lanƙwashe dama kamar lauje, ta tafi inda ba ka aike ta ba. Kowane sabon hannu yana haka, amma na manomi ya fi muni, don shi yana da ƙarfin da zai kai ta nesa. Shi ya sa ba a tsayawa dama da mai koyo, ba a kuma barin kowa a can.

Yanzu bari in zo ga muguwar shekara. Manyanku za su tuna lokacin da tsutsar nan da muke ce wa sharon ta faɗa wa tumatir. Daga Kadawa har nan, ka kwana da gona koriya shar, ka wayi gari kamar an babbake ta. 'Yar gonata da nake taƙama da ita ta tafi. A birni kuma an kawo wani matashin koci mai na'ura, ɗalibaina suka koma wurinsa ɗaya bayan ɗaya. Na dawo gida da iyali, babu na cefane. Ana cikin haka Alhaji Musbahu ya aiko a kira ni.

Kun san shi, mai injin casar shinkafa a Kura. Mutumin kirki ne, ba ya hayaniya, in yana magana sai ka matso. A ofishinsa ya rufe ƙofa ya ce, “Malam Ilyasu, manyan da nake hulɗa da su a birni sun sa ni gaba sai na shigo wasan nan nasu. A can ake ƙulla magana. Na ma sayi kayan. Amma ba zan je in tsaya ana mini dariya ba. Gonata ta tumatir ta mutu, fili ne fetal. A can za ka koya mini, inda ba kowa.”

Da na je na ga gonar, wallahi ba ta kwanta mini ba. Doguwa ce, ta isa. Amma in ka fuskanci gabas, damanka kanal ne, da hanyar ƙafa a kan gaɓarsa. In ka juyo yamma, damanka rugar Fulani ce, ga shanu ga yara. 'Yan rediyo na ce wa wasan nan ƙwallon lambu, amma duk wanda ya san shi ba zai kai shi lambun gaske ba. Na ce, “Alhaji, wurin nan bai yi ba.” Ya ce, “In bai yi maka ba sai in nemi wani.” Na tuna tukunyar gidana. Na zaɓi ɓangaren kanal, don gaɓar a sarari take, ana hango mai zuwa tun daga nesa.

Ranar farko na ce ya ajiye jaka. Na ce, “Alhaji, mutanenmu ba su san fo ba. Cewa za ka yi, a duƙa! Da ƙarfi, yadda na tsallaken kanal zai ji. Bismillah.”

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe riga a kasuwa. Ya ce, “Ni? In tsaya tsakiyar gona ina ihu kamar yaron korar tsuntsu a shinkafa? Haba Malam Ilyasu. Da girmana?”

Na ba shi labarin Habu, ban rage komai ba. Ya jinjina kai, ya ce Allah ya kyauta. Sannan ya ce, “Ai ga ka. Kai ka riƙa yin ihun, ni in riƙa bugawa.” Na matsa, ya yi ɗan abin da shi yake kira ihu, ko akuyar da ke kiwo kusa da mu ba ta ɗaga kai ba. Da Oga Tanko ne da a nan aka rabu. Ni kuwa na zama maƙogwaron Alhaji.

A tsallaken kanal gonar Malam Audu take, mahaifin matar Alhaji. Tsoho ne mai barkwanci, siriri, kullum da fartanya a kafaɗa. In ya ɓullo a gaɓa, ni nake fara hango shi in ce a dakata. Alhaji zai ajiye sanda, ya tuɓe takalmi, ya tafi ya tsuguna, kansa a ƙasa, murya ciki-ciki, “Barka da hantsi, Baba.” Ba ya kallon fuskarsa, ba ya kama sunansa, ko wani Audu ya gani sai dai ya ce mai sunan Baba. Tsohon kuwa ni yake tsokana. “Ilyasu, kai da surukina har yanzu ba ku gama kashe ƙwan zabin nan ba? In kun gaji ku kawo a dafa.” Mu yi dariya, ya wuce. Ni dariyata iyakarta baki, don kullum ina auna tazarar da ke tsakanin hularsa da inda ƙwallayen Alhaji ke sauka.

Aikin gyara dukan Alhaji shi ne mafi wuya da na taɓa yi. Ya yi noma da ƙuruciya, saran fartanya na jininsa. Na sa masa kwali a gefen ƙwallo don in ya sauko daga waje ya doke shi, ya ragargaza kwalaye. Na ɗaure masa gwiwar hannu da rawani, ya ce na mai da shi ragon layya. Na ɗauke shi a waya na nuna masa, ya ce ai ya gani, ya koma ya sake sara. Duk ƙwallon da ya buga sai ta lanƙwashe ta nufi kanal, ni kuma in daddage in ce a duƙa, ko da mutum ko babu, don ban yarda da idona kaɗai ba. In na koma gida ruwan zafi da citta nake sha.

Ƙwarya ce ta warware mana. Wata safiya na tuna yadda iyayenmu ke ban ruwa kafin injin ya yawaita. Mutum ya tsaya a bakin rami, ya kamfato ruwa da ƙwarya, ya juya ƙugu ya watsa shi can ƙarshen fangali. Ba da kafaɗa ake yi ba, mai yi da kafaɗa ba ya kai azahar. Ƙugu ke fara juyawa, hannu ya biyo daga ƙasa, nauyin jiki ya koma ƙafar hagu. To wannan shi ne dukan golf, babu ragi babu ƙari. Na aro ƙwarya na ce, “Alhaji, ka taɓa ban ruwa?” Ya yi dariya ya ce da shi aka yaye shi. Ya naɗe wando ya shiga kanal. Ya watsa, ya watsa, ruwan na tafiya shar kamar an ja zare. Na karɓe ƙwaryar na sa masa ayon mai lamba bakwai, na ce kada ka canza komai, watsa. Ƙwallon ta tashi ta miƙe sambal, ta sauka tsakiyar gona. Ya tsaya baki buɗe. Ya ce, “Ashe dama na iya!” Na ce a'a, kakanka ne ya iya.

Daga nan ayon ta zauna masa. Direba ce na hana shi, don duk lokacin da ya riƙe ta sai son nisa ya taso, ƙwarya ta gudu, fartanya ta dawo.

Ana saura kwana kaɗan ya je wasansa na farko a birni, na tashi da mura, muryata ta dishe ƙaf. Ihun makonni ya taru ya biya kansa. In na buɗe baki sai iska. Na je gonar na yi masa raɗa a kunne cewa yau babu darasi. Ya ce, “Ranar Asabar fa zan tsaya gaban mutane, kuma da direba ake farawa. Ban taɓa buga ta daidai ba.” Na ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce shi dai sai ya gwada, ko ina nan ko ba na nan. Na ga in na tafi ma bugawa zai yi. Na kama hannunsa na ce, “To yau bakinka ne hon. In ta kauce, kai za ka yi ihu. Ka yi mini alkawari.” Ya ce, “Na ji, na ji. Ai ba kowa.”

Na hau tudu na duba gaɓar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Babu kowa, ko kare. Abin da ban sani ba, ranar ba a sako ruwa ba, kanal ɗin ya janye, Malam Audu ya sauka ciki tun da safe yana cire ciyawar da ta toshe masa bakin ruwa. A duƙe yake, gaɓa ta rufe shi.

Alhaji ya kafa ƙwallo a kan ɗan turkenta. Tun daga yadda ya ɗaga kafaɗa na san fartanya ce. Ya sara da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Ƙwallon ta tashi, ta yi nisan da bai taɓa yi ba, ta fara lanƙwasa. A daidai lokacin na ga farar hula ta ɓullo daga cikin kanal. Tsohon ya hawo gaɓa, rungume da ciyawa, ya miƙe yana kallon wajenmu.

Na buɗe baki na daddage, babu abin da ya fito. Na ɗaga hannuwa ina tsalle, shi kuma ya ɗauka gaisuwa ce. Na juya ga Alhaji na damƙi rigarsa. Ya gani. Ya ga ƙwallon, ya ga mutumin, ya kuma gane ko wane ne. Da lokaci, wallahi da lokaci, ƙwallo mai nisa tana jimawa a sama. Bakinsa ya buɗe. Sai na ga yana tsugunawa, kansa na sunkuyawa, ya ce a hankali, da muryar da yake gaishe shi kullum, “Baba...”

Ƙarar nan ta busasshen duma, na sake jin ta.

Ban san yadda na ƙetare gonar ba. Mun same shi ya gangara cikin taɓo, rabin fuskarsa jini, idon hagu ya kumbura ya rufe, ba ya motsi. Na sa kunne a ƙirjinsa, na kasa gane bugun zuciyarsa ne ko nawa. Muka ɗauke shi zuwa mota. Alhaji ya kasa sa makulli, sai wani mai babur da ya tsaya ne ya tuƙa mana motar. Duk hanyar Kano kan tsohon na kan cinyata, ina kallon bakinsa, ina jiran in ga ya karkace kamar na Habu. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ba na fatan in sake.

A asibiti aka shige da shi, aka bar mu a baranda. Kafin la'asar 'ya'yansa sun iso. Babbansu Sani, ƙato ne, mahauci a kasuwar Bunkure. Bai kalli Alhaji ba, mijin ƙanwarsa ne kuma mai arziki. Ni ya tsaya a kaina. Ya ce, “Kai ne ka kawo wasan jifa gonar mutane?” Ba ni da muryar ba shi amsa. Ya ce, “Ka yi addu'a tsohon nan ya tashi.” Na san abin da yake nufi, kowa a barandar ya sani. Ina zaune ina tunanin ta wace hanya zan fitar da iyalina daga ƙauye in labari ya ɓaci.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya farfaɗo, bakinsa daidai, hannunsa daidai. Idon ne likitoci suka ce ya fashe, sai dai a cire.

Da aka bar mu muka shiga, yana kwance an naɗe masa rabin kai. Alhaji ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya tsuguna a gefen gado. Sani ya fara magana a kaina, tsohon ya ɗaga hannu. Ya ce, “Ƙyale Ilyasu. Makonni ina jin ihunsa har cikin gonata, ko tsuntsu ya gifta sai ya ce a duƙa. Na gan shi yana tsalle kamar an sa masa wuta, na san da abin da ya hana shi.” Sannan ya juyo da ido ɗayan ga surukinsa.

“Alhaji, ka gan ni?”

“Na gan ka, Baba.”

“Ka san abin zai same ni?”

“Na sani, Baba.”

“To me ya riƙe maka baki?”

Alhaji ya sunkuyar da kai. Hawaye na ɗiga a kan tayil. Ya ce, “Ban iya ɗaga maka murya ba, Baba. Na ji kunya.”

Tsohon ya jinjina kai. Ya ce, “Tun da ka auri 'yata ban taɓa jin abin da ya ɓata mini rai daga bakinka ba, Allah ya yi maka albarka. Amma ɗan nan, da ashar ka ɗura mini ranar, da yanzu da ido biyu nake kallonka.”

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Alhaji ya ɗauko ta gida ya kai ta daji, ga abin da ta ci.

Bayan ya warke, Malam Audu da kansa ya aiko a kira mu bakin kanal. Ya zauna a gaɓa ya ce, “Ilyasu, ashe darasinku na farko ihu ne, shi kuma ya tsallake. To ga ni. Alhaji, koma can inda ka tsaya ranar, ka daka mini tsawa in duƙa. In ka iya, ka ci gaba da wasanka, na yafe. In ba ka iya ba, na yafe, amma kada ka ƙara ɗaga sandar nan inda ɗan Adam yake.” Alhaji ya taka har can. Ya tsaya, ya cika ƙirji da iska. Muna jira. Ya sake cikawa. Sai ya tsuguna ya rufe fuska da hula. Da yamma direban motarsa ya kawo mini jakar gida, da sandunan duka. Ɗaya daga cikinsu ce wannan da Nura ke wasa da ita.

Na koma koyarwa daga baya, a birni da kuma nan, a filin makaranta in an tashi, da raga a gefen dama. Amma na gane abin da ko Oga Tanko bai gane ba. Yin ihu a fili babu kowa ba shi ne gwaji ba, kowa zai iya. Gwajin shi ne ka yi wa wanda kake jin nauyinsa. Shi ya sa duk ɗan garin nan da ya ce in koya masa, nan nake fara kawo shi ya daka wa Malam Audu tsawa, kuma tsohon bai taɓa ce mini ya gaji ba.

Ga shi can a gaɓa, gindin mangwaro, mai farar hula da baƙin tabarau. Kai Nura, ai kakan abokinka ne, a gidansa kake cin tuwo, ko ba haka ba? Madalla. Tashi ka tsaya nan. Ba sallama, ba ranka ya daɗe. Buɗe baki ka daka masa tsawa ya duƙa, yadda masu wanki a can ƙasa za su waiwayo. In ya duƙa, yau ɗin nan zan sa maka sanda a hannu.

Ina jinka. Ya ka tsaya kana sosa ƙeya?

To miƙo mini sandata.